MALAM ABDULLAHI ƊANFODIYO MAI GWANDU: MALAMIN DA YA FARA DA TUHUMAR KANSA

  

Da kwamitin wannan mujalla tamu ya nemi in rubuta tarihin ɗaya daga cikin magabata, ban yi dogon tunani ba na ɗauki Malam Abdullahi Ɗanfodiyo. Duk wanda ya zauna ajin tarihi a makarantarmu ya san sunan, domin kuwa mun haddace shi kamar karatun allo saboda tsoron jarrabawa. Ƙanin Shehu ne, shi ya ja rundunar Tafkin Kwatto, shi aka bai wa yammacin daula. Muka rubuta, muka ci, muka manta. Sai da furfura ta fara kama ni, na koma na zauna da littattafan da suka ba da labarinsa, sa'an nan na gane ashe abin da ya fi girma a rayuwar wannan bawan Allah ba ya cikin abin da muka haddace. Shi ne nake so mu duba tare.

An haifi Malam Abdullahi a 1766, a cikin Fulani Toronkawa mazauna ƙasar Gobir. Mahaifinsa shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, kuma wansa Shehu Usmanu ya girme shi da shekara 12. A wurin mahaifinsa ya yi karatun Alƙur'ani, da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi a hannun Shehu. Daga nan bai sake rabuwa da shi ba, yana ɗalibi, yana ɗan rakiya, yana kuma marubuci. Ya yi karatu wurin kawunnansa da baffanninsa da sauran malaman zamanin, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru wanda shi ma Shehu ya yi karatu a wurinsa. Daga baya ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuki, inda ya jera malamansa ɗaya bayan ɗaya tare da littafin da ya karanta wurin kowanne. A fannin Larabci kuwa, nahawu da sarfu da waƙa, masana sun yarda samun kamarsa a ƙasar Hausa ta wancan zamani sai an tona.

Tun yana saurayi aka san shi da kaifin alƙalami. A lokacin da Shehu yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko da waƙa yana sukar yadda mata suke halartar majalisin wa'azin. Shehu ya umarci Abdullahi ya ba shi amsa, shi kuwa ya mayar masa da waƙa, yana nuna masa cewa barin mata cikin jahilci ya fi halartarsu muni. A lokacin bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Mutum ne mai riƙo da nassi, wanda ba ya ɗaga ƙafa a kan abin da ya ga shi ne daidai, kuma wannan hali ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin irin waɗannan mutane su ne sunkuyar da kai ya fi yi wa wuya.

Sauran labarin farkon jihadi kowa ya san shi, ba sai na ja ba. Zama ya ƙi daɗi tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu, sai Muhammadu Bello ɗan Shehu ya biyo baya. A watan Yuni na shekarar aka gwabza a Tafkin Kwatto, Abdullahi yana jan runduna, Allah Ya ba su nasara a kan mayaƙan Gobir duk da ƙarancin dawakinsu. A ƙarshen shekarar aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutum wajen 2,000, cikinsu da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A watan Afrilu na 1805 kuma Abdullahi ya jagoranci cin Birnin Kabi, daga nan jama'a ta koma Gwandu da zama.

To, a nan ne abin da nake son faɗa ya soma. Waɗanda aka rasa a Tsuntsuwa su ne almajiran farko, waɗanda suka sha karatu a Ɗagel suka san dalilin da ya sa aka fito. Waɗanda suka cike gurbinsu da yawa ganima ce ta kawo su. A ƙarshen 1805 Gobirawa da Kabawa da Azbinawa suka haɗa kai suka nufo Gwandu. Rundunar jama'a ta fita tarbarsu, amma a kan hanya sai ta auka wa garin Kwalde, alhali mutanen garin suna zaman amana da jama'a, aka washe su. Abdullahi da Bello suka yi iyakar ƙoƙarinsu su hana, ba wanda ya saurare su, har shi Bello ya kusa rasa ransa a wajen hanin. Da aka haɗu da abokan gaba a Alwasa sai runduna ta watse, aka kashe mutum wajen 1,000, saura suka ja da baya zuwa Gwandu, inda da ƙyar da taimakon Allah aka kore maharan.

Wani shugaban da ya ce yawan abokan gaba ne, ko raƙuman Azbinawa, ko munafukai, ko yunwa, kuma duk da an yarda da shi, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Malam Abdullahi bai bi ta nan ba. A waƙoƙinsa da rubuce-rubucensa ya mayar da al'amarin gida, ya nuna cewa mutanen kirki sun tafi, an bar masu kwaɗayin duniya, kuma rundunar da ta ci amanar waɗanda suka amince mata ba ta da bakin tambayar dalilin da ya sa aka karya ta.

Abin ya ci gaba da cinsa a rai har shekara biyu. A 1807 aka fita yaƙi za a tasar wa Alƙalawa, babban birnin Gobir. Ana cikin tafiya sai Malam Abdullahi ya sulale ya bar runduna, shi da mutum biyar kacal, ya fuskanci gabas da niyyar ya tafi Makka da Madina, ya bar ƙasar da 'yan uwa gaba ɗaya. A tuna fa, wannan shi ne Wazirin Shehu, mutum na biyu a cikin jama'a. Suka kutsa dokar daji, suka kwana uku ba su ga ɗan Adam ba, ba abin da suke gani sai sawun giwaye, kafin Allah Ya fid da su cikin mutane.

Shi da kansa ya ba da wannan labari a littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya haɗa a 1813. Ya faɗi abin da ya kore shi: zamani ya sauya, 'yan uwa sun karkata ga duniya, ana ta ja-in-ja a kan mulki da dukiya da girma, an bar masallatai da makarantu ba mai kula da su. Da a nan ya tsaya, da ba abin mamaki, domin kowane zamani yana da masu kukan lalacewar mutane, kuma mu ma ba mu da aikin da ya fi wannan in mun zauna a majalisa bayan la'asar. Amma sai ya ɗora da cewa shi ya san kansa, ya fi su duka muni, kuma ganin aibin a jikin wasu ba zai hana shi aukawa ciki ba. Wato dai bai gudu don yana ganin ya fi su tsarki ba, ya gudu ne don ya ji ciwon ya soma kama shi.

Wani zai ce ai wannan tawali'u ne irin na malamai, kowa yakan kira kansa mai zunubi a farkon littafi. Ni ban ɗauke shi haka ba. Mai tawali'un baki ba ya barin kujerarsa. Wannan kuwa ya bar waziranci, ya bar iyali, ya bar ɗan uwan da bai taɓa rabuwa da shi ba tun yana ɗan shekara 13. Daɗin daɗawa, lokacin da ya rubuta labarin yana riƙe da rabin daula, alƙalami yana hannunsa, ba mai tilasta masa. Da ya so sai ya ce aikensa aka yi, ko ya tsallake shekarar ɗungum. Amma ya rubuta cewa ya bar runduna ana kan hanyar yaƙi, ya bar wa na baya su karanta.

A nan zan ɗan ratse, ku gafarce ni. Muna aji huɗu ina firifet na ɗakin kwananmu. Kun dai san yadda ƙasarmu take, gona na jingine da gona, ba fili ko na shimfiɗa buzu, iyaka sai layin gamba ko 'yan itatuwan lalle. Bayan shingen makaranta akwai gonar wani dattijo, wadda ba ta fi a zagaye ta cikin minti biyar ba. Tun rani muke ganinsa da jakinsa yana jidar taki mangala bayan mangala. Da kaka ta gabato wasu yara 'yan aji ɗaya da biyu suka tsallaka da dare suka tuge masa gyaɗa kunya guda, suka dafa a gwangwani bayan ɗakin kwana. Na kama su. Maimakon in kai su gaba, sai na zauna aka ci da ni, har na fi kowa yawan loma, tunda ni ne babba. Washegari dattijon ya zo da ganyen gyaɗar a hannu, firinsifal ya tara mu, ya ce firifet-firifet su binciko. Ni na kawo sunayen. Aka yi musu bulala, aka sa su noman gonar makaranta mako guda, ni kuwa ina tsaye da sanda ina duba aikin. Ba wanda ya tona ni a cikinsu, ko don tsoro ko don kunya. Dattijon ya daɗe da rasuwa ban nemi gafararsa ba. Yaran kuwa yanzu iyaye ne, wasu har da jikoki, kuma na san akwai mai karanta wannan shafi a cikinsu. Ina roƙonku ku yafe mini. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani, to ni ranar a kan tudun nake tsaye har da sanda.

Mu koma ga Malam. Tafiya ta kawo shi Kano, kuma wanda duk ya taso daga wajen Gobir ta arewa maso yamma zai ɓullo wa birni, shi ya sa in na bi hanyar Bichi nakan raya a zuciyata mutum shida a kan dabbobinsu sun doshi Dala. Kanon da ya tarar sabuwar shiga hannu ce. An kori Sarki Alwali, an naɗa Malam Sulaimanu, ga kuma manyan da suka yi jihadin kowa da jama'arsa, irin su Malam Dabon Dambazau, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Bai a Ɗambatta, da Yolawa masu sarautar Madaki a Dawakin Tofa, da Sulluɓawa da Joɓawa da sauransu. An ci gari, amma ba a san yadda za a riƙe shi bisa shari'a ba, kuma zama bai gama daidaita tsakanin shugabannin ba. Ga fadar Kano da tsofaffin al'adunta na sarauta, ga tambura, ga dukiya, ga bayi.

Mutanen Kano suka tare shi suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya koya musu yadda za su tsai da addini. Shi kuwa da ya duba sai ya ga abin da ya gudo dominsa ya riga shi isowa, kuma bai ɓoye musu ba, ya faɗa musu ƙiri-ƙiri. An gudu ba a tsira ba ke nan. Da suka matsa sai ya zauna, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya yi bayanin yadda ake tsai da shugaba da abin da ke wuyansa, da aikin waziri da alƙali da sauran wakilai, da hukuncin yaƙi, da yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Sa'an nan ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani tun daga farko har ƙarshe. Ya ce sun tuba, sun farfasa kayan kiɗa da wasa, har kwarangwal ɗin gangunansu suka mayar komin zuba wa dawaki abinci. Ba zan ce wa'azin ya warkar da Kano ɗungurungum ba, domin bayan rasuwar Sulaimanu a 1819 Sarki Ibrahim Dabo ya sha fama da tawaye, ciki har da na Ɗantunku a nan arewacinmu, wanda ya ƙare da kafuwar masarautar Kazaure. Amma littafin ya zauna, ya zama abin dubawar sarakuna da alƙalai a faɗin daular.

Daga Kano bai ci gaba zuwa gabas ba. Ya juya ya koma wurin Shehu da jama'ar da ya baro, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa Allah bai nufe shi da zuwa Makka ba. A ganina wannan juyowa ita ce mataki na biyu, kuma ta fi tafiyar wuya. Mutum ya fita cikin fushi da baƙin ciki abu ne mai sauƙi, kowa yana iyawa. Ya dawo ya haɗa ido da waɗanda ya bari a bakin daga, ya sake ɗaukar kayan da ya sauke, wannan sai wanda ya yarda cewa yana da kaso a cikin ɓarnar, saboda haka yana da kaso a cikin gyaran. Zaman Kano ya nuna masa cewa ciwon ba na ƙasa ɗaya ba ne balle a guje masa da ƙafa, kuma da ya wuce da Kanawa sun rasa mai koya musu. Bayan dawowarsa aka ci Alƙalawa a 1808 ƙarƙashin jagorancin Bello, shi kuma ya ja runduna zuwa yamma har ya ƙetare Kwara. Da Shehu ya koma Sifawa, shi sai ya zauna Boɗinga kusa da shi. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi.

Kada wani ya zaci dawowar ta sa ya yi laushi a kan abin da yake gani gaskiya ne. A waɗannan shekaru ne ma saɓanin fahimta ya fito fili tsakaninsa da Shehu a rubuce. Shehu ya sassauta a kan wasu abubuwa, kamar amfani da sunayen sarauta da kaɗa tambari da sa tufafin alfarma ga shugabanni in akwai dalili, ya bayyana haka a littattafai irin su Najmul Ikhwani. Abdullahi kuwa a Liya'us Sulɗani ya tsaya kan tsanantawa, yana tsoron kada a wayi gari an koma gidan jiya, sai dai an sauya masu rawani. Wa da ƙani, malami da ɗalibi, kowa ya kawo hujjarsa cikin ladabi, ba wanda ya fita daga jama'a. A cikin wannan hidima kuma ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili wajen 1816, wanda aka buga a Alƙahira a 1961, kuma har yau malamai suna karantar da shi a zaure.

Jarrabawa mafi tsanani tana gaba. A watan Afrilu na 1817 Allah Ya yi wa Shehu rasuwa a Sakkwato. Malam Abdullahi yana Boɗinga. Shi ne ƙanin Shehu, shi ne Waziri, shi ya fara mubaya'a a Gudu, shi ya ja Tafkin Kwatto, ga ilmi wanda ba mai ja da shi. Bello kuwa ɗansa ne, ya girme shi da shekara 15, kuma a gabansa Bello ya durƙusa ya yi karatun Larabci. Ba laifi ba ne in ya zaci shi za a naɗa, ko aƙalla ba za a yanke magana ba sai da shi. Masu tarihi sun ruwaito cewa ko da ya iso Sakkwato da mutanensa sai ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar gari. Ya juya, daga baya ya koma Gwandu da zama. A shekarar ya rubuta Sabilus Salama a kan sharuɗɗan shugabanci da yadda ake tsai da shugaba, kuma bai je ya yi mubaya'a ba.

Ba na jin akwai wanda zai karanta wannan bai ji zafin abin a ransa ba. An ɓata masa, wannan gaskiya ne. Amma kuma shekarun da aka yi ba jituwa sun zo a mugun lokaci. Rasuwar Shehu ta sa ƙasashe da dama sun tayar, har Abdussalami, wanda yana cikin manyan almajiran farko, ya yi tawaye a Kware, aka yaƙe shi ya rasu a farkon 1818. Daular da aka zubar da jinin dubban mutane kafin a kafa ta ga ta nan tana rawa, manyanta biyu kuma kowa ya juya wa ɗan uwansa baya. Ko tsakanin harshe da haƙori akan saɓa, amma in suka daɗe ba su shirya ba ciki ne ke kwana da yunwa. Mu da muka ga yadda zaɓen shugabannin ƙungiya kaɗai ya sa wasu abokanmu suka daina zuwa taro, suka daina biyan kuɗin wata, mun san yadda irin wannan ciwo yake daɗewa, alhali mu kujerar da muke ja a kanta ko lemo ba ta saye.

Ragowar mutanen Abdussalami suka tattaru a Kalambaina, wani gari kusa da Gwandu, suka yi ƙarfi har suka gagari Malam Abdullahi. Wajen 1821 Sarkin Musulmi Bello ya taso da runduna daga Sakkwato ya kawo wa baffansa gudummawa, kuma ana ambaton Waziri Giɗaɗo a cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin ganin haka ta faru. Aka haɗa ƙarfi aka ci garin. Bayan ƙura ta lafa sai mutanen biyu suka fuskanci juna a kan dawakai, jama'a ta yi tsit tana kallo. Bello ya yunƙura zai sauka, kamar yadda ɗa yake yi wa uba, ɗalibi yake yi wa malami. Malam Abdullahi ya yi masa nuni da hannu ya zauna, shi kuma ya sunkuya ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi.

Na sha juya wannan a raina. Dattijo ne mai shekara hamsin da biyar ko kusa da haka, a gaban mayaƙan da suka san ranar da aka rufe masa ƙofa. Yaron ya riga ya ba shi mafita, da ya ƙyale shi ya sauka da kowa ya ce an girmama babba, shi ke nan an shirya ba tare da ya zubar da komai ba. Amma ya san in aka rabu a haka maganar mubaya'a tana nan a rataye, kuma duk mai son tayar da fitina gobe zai fake da sunansa. Jinkirin daga wajensa yake, don haka shi ya kamata ya kawar da shi, kuma a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a aka san da shi. Bai tsaya sai an fara ba shi haƙuri a kan ƙofar Sakkwato ba. Shi ma Bello ya cancanci yabo, domin da ya so sai ya zauna a gida ya bar Kalambaina ta karya baffan nasa, ya huta da mai ja da shi. Wannan shiri shi ya sa daular ta zauna da fikafikai biyu, Sakkwato da Gwandu, Gwandu tana kula da ƙasashe irin su Nupe da Ilori da Yawuri, har zuwan Turawa a 1903.

Bayan Kalambaina Malam Abdullahi ya janye jiki daga harkar mulki. Ya bar yawancin al'amuran ƙasa a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari ɗan Shehu, shi kuwa ya koma ga abin da tun farko ya fi so, wato karantarwa da rubutu. A 1822 ya taƙaita tafsirinsa a wani littafi mai suna Kifayatu Lu'afa'is Sudan, saboda ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, ya tsaya kan ruwayar Warshu wadda da ita ake karatu a makarantun allonmu. Rubutunsa na ƙarshe-ƙarshe ya fi karkata ga gyaran zuciya, kamar Tahzibul Insani, wanda sunansa kaɗai ya nuna inda ya dosa, wato tsarkake mutum daga halayen Shaiɗan. Mutumin da ya rubuta wa sarakuna yadda za su riƙe ƙasa, sai ga shi a ƙarshe yana rubuta wa kowa yadda zai riƙe kansa, kuma mai karanta tarihinsa ya san ba da ka yake maganar ba.

Allah Ya yi masa rasuwa a Gwandu a 1829, yana da shekara 63, kuma a can kabarinsa yake, ana ziyartarsa. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma Malam Halilu ya hau a 1833. Shi Halilu ya ɗauko gudun duniya irin na mahaifinsa, har Baturen nan matafiyi Barth da ya isa Gwandu a 1853 bai sami ganinsa ba. Sarkin Musulmi Bello ya rayu shekara takwas bayan baffansa, ya rasu a Wurno a 1837. Cikin waɗanda suka yi wa Malam Abdullahi waƙar makoki har da Nana Asma'u, 'yar Shehu, ƙanwar Bello, matar Waziri Giɗaɗo, wadda take zaune a cikin garin nan da aka taɓa rufe masa ƙofa. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, Ya gafarta mana, amin.